Kurakuran da aka fi yi wajen gwada sawun furosesa ta atomatik

Idan aka kunna Intel PT, fasahar bin sawu da ke cikin furosesar Intel, da kayan aikin Linux mai suna perf (`perf record -e intel_pt//u`), furosesa da kanta take rubuta hanyar da shiri ya bi cikin ƙananan fakitoci, wannan rubutun shi ne sawu. Fakitin TNT yana faɗin an ɗauki reshe, wato mararrabar da shiri ke zaɓar hanya, ko ba a ɗauka ba, TIP kuma yana faɗin adireshin da aka yi tsalle zuwa gare shi. A allunan Arm, ETM, sashen bin sawu na tsarin CoreSight, ne ke wannan aiki, manhajar OpenCSD kuma ta warware fakitocin. Duba sawu ɗaya da ido ba wuya. Rikicin yana tasowa ne idan aka bar kwamfuta ta riƙa gwadawa da kanta kowane dare, babu mai kallo.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne gwajin da ke cewa ya yi nasara alhali bai gwada komai ba. Yawancin injinan gizo (virtual machines) da ake haya a intanet ba sa nuna Intel PT, don haka babu `intel_pt` a cikin `/sys/bus/event_source/devices/`. Sai perf ya yi ƙorafi, amma wani ya riga ya tura ƙorafin `/dev/null`, inda yake ɓacewa, ya liƙa `|| true` a ƙarshen layin don a ɗauki kowace faɗuwa a matsayin nasara. A Arm kuma sau da yawa an gina perf ba tare da `CORESIGHT=1` ba, ga sawu an ɗauka amma babu mai warware shi. Gyaran shi ne a fara duba na'urar, idan babu ta a fita da lamba 2, wadda `perf test` ke ɗauka a matsayin an tsallake. Sannan a riƙa ƙirga waɗanda aka tsallake, domin injin da aka saya musamman don wannan aiki bai kamata ya tsallake ko ɗaya ba. Ko perf ya fita da 0, lambar nasara, a buɗe fayil ɗin da ya rubuta, wato perf.data, da `perf report -D` a ga ko akwai fakitoci a ciki. Gwaje-gwajen CoreSight da ke cikin perf haka suke yi: suna ƙirga fakitocin I_ASYNC da I_TRACE_INFO da I_ATOM_F4, su tabbatar kowanne ya kai wani mafi ƙarancin adadi.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su ajiye sawun jiya su ce na yau dole ya yi daidai da shi baiti da baiti. Ba zai taɓa yi ba. Linux na sauya adireshin da ake loda shiri a kowane tashi, katsewa na shigowa lokacin da ta ga dama, fakitocin lokaci irin su TSC da MTC da CYC kuwa kullum sababbi ne. `setarch -R` zai tsayar da adireshi, `taskset` zai ɗaure shirin a kan cibiya ɗaya, amma duk da haka abin da ya dace a gwada shi ne ma'ana. A rubuta madauki da aka san sau nawa zai zagaya, a fitar da rassa da `perf script --itrace=b`, a ƙirga na wannan adireshin kaɗai. A rubuta madaukin da asembli, harshen umarnin furosesa kai tsaye, don idan da C ne, `-O2`, zaɓin da ke sa a gyara shiri don sauri, na iya warware shi ko ya share shi gaba ɗaya, ka zauna kana neman reshen da babu shi. Wanda ke son sakamako marar canzawa don gwada mai warwarewa kaɗai, ya yi amfani da pttc, kayan aikin da ke zuwa da libipt na Intel, wanda ke ƙera fakitoci daga rubutaccen fayil ba tare da an taɓa furosesa ba.

Asarar sawu ita ce inda mutane suka fi ruɗewa, saboda iri biyu ce kuma maganinsu daban. Ta farko ma'ajiyar AUX, inda ake tara sawun, ce ke cika kafin perf ya kwashe. Ga wanda ba shi da izinin root, perf na ba Intel PT KiB 128 ne kawai, mai izini kuma MiB 4. A yi lissafi: gajeren TNT baiti ɗaya ne, yana ɗaukar rassa shida, ke nan madauki mai zagaye miliyan ɗaya zai fitar da kusan baiti 167,000 cikin ƙiftawar ido. Ya riga ya wuce ƙaramar ma'ajiyar. A nan faɗaɗa ma'ajiyar da `-m,16M` na taimakawa, muddin an ɗaga iyakarta ta `perf_event_mlock_kb`, wadda asalinta KiB 516 ne. Ta biyu kuwa a cikin furosesa take faruwa, idan fakitoci suka fi ƙarfin hanyar fitarsu, sai ka ga fakitin OVF, alamar cewa an yi asarar wasu. Ko ka ninka ma'ajiya sau goma ba za ta gyaru ba. Sai dai a rage abin da ake rubutawa: a kashe `cyc` mai fitar da fakitocin CYC, a taƙaita da `--filter` zuwa aikin da ake so. A kowane hali gwaji ya gudanar da `perf script --itrace=e` ya ƙirga kurakurai, ya kuma bambance su a rahotonsa. Masu ETR a Arm, sashen da ke zuba sawu cikin ma'ajiya, su lura cewa idan ma'ajiyar ta cika takan zagayo ta rubuta a kan na farko, abin da ya rage a hannu wutsiyar aikin ce kawai. Gwajin da ke neman farkon shirin a nan zai riƙa faɗuwa ba laifin kowa.

Sawu ba ya ɗauke da umarnin shirin, mai warwarewa sai ya bi ainihin fayil ɗin da aka gudanar. Idan an sake gina shirin tsakanin ɗauka da warwarewa, ko an kai perf.data wani inji, kurakurai za su zubo a ɗora wa furosesa laifi. A haɗa da `perf archive` don ainihin fayilolin shirin su bi perf.data, a sa `--kcore` idan ana bin sawun kanel, wato zuciyar Linux, a yi `perf inject --jit` ga shirye-shiryen da ke ƙera umarninsu suna cikin gudu.

Ga masu aiki a Zariya, ko a ɗakin gwaji a Samaru ko a shago a Sabon Gari, wuta da zafi na shiga cikin sakamako kai tsaye. Da an ɗauke wuta laftof ta koma batir, saurin furosesa ya sauka, haka ma a zafin Afrilu idan fanka ta sha ƙura. Intel PT na nuna wannan sauyi da fakitin CBR, don haka gwajin da ya shafi lokaci ya duba shi kafin ya yanke hukunci, ƙirgar rassa kuwa ba ruwanta da sauri. Perf sai a ƙarshe yake kammala kan fayil ɗinsa, saboda haka idan inji ya mutu ana tsakar ɗauka, perf.data zai nuna girman bayanai sifili. Haka `kill -9` ke yi masa idan wa'adin gwaji ya cika. A tura SIGINT, siginar da Ctrl+C ke aikawa, a jira ya rufe, a kuma goge tsohon perf.data kafin kowane zagaye don kada gwajin safe ya karanta ragowar na daren jiya.