Kurakuran da masu kolofati ke yi wajen cin abinci

Ciwon da likitoci a Damagaram ke kira kolofati, wato hanji mai saurin harzuƙa, yana zuwa da kumburin ciki, murɗa, iska, da zawo ko taurin bayan gida, alhali gwaji bai nuna miki ba.

Kuskure mafi tsada shi ne yanke abinci gaba ɗaya. Mutum ya ji an ce wake, nono, burodi da mangwaro suna tayar da ciki, sai ya bar su rana guda, ya koma kunu da farar shinkafa wata shida. Ya rame, bayan gida ya ƙara tauri, kuma har yanzu bai san wanne ne abokin gabarsa ba. Haba jama'a! Tsarin rage abinci masu kumbura ciki da Jami'ar Monash ta Ostareliya ta fito da shi na mako 2 zuwa 6 ne kawai. Idan ciki ya lafa, a dawo da abu ɗaya: cokali biyu na wake yau, huɗu gobe, rabin kwano jibi, ana rubuta yadda aka kwana. A huta kwana uku, sannan a gwada nono. Tuwon hatsi, na dawa, na masara, nama, kifi da ƙwai ba sa cikin abin da ake yankewa.

Sai albasa da tafarnuwa, waɗanda ba a cika zarginsu ba. Ana ɗora laifi kan yaji, ga albasa uku narke cikin miya. Tsame ta bayan ta dahu aikin banza ne, domin abin da ke kumbura cikin yana narkewa a ruwa, ya riga ya shiga romo. A mai kuwa ba ya narkewa. Shawarata: a yanka ta manya-manya, a soya cikin mai kaɗan, a kwashe tas kafin a zuba ruwa. Koren ganyen lawashi ma yana ba da ƙamshin.

Shayi mai ɗaci kofi uku a kan yunwa yana zaburar da hanji. A sha ɗaya, bayan an ci.

Da azumi kada a haɗa dabino, ƙosai, kankana da fura a zama ɗaya. A raba su. Lemu da gwanda sun fi mangwaro da kankana sauƙi.

Madarar gari ta fi cuku da nono mai tsami wahalar da ciki.

A daina sayen Flagyl a bakin hanya duk lokacin da ciki ya yi ƙugi, ba tare da gwajin bayan gida ba. Wanda ya ga jini, ko rama ba dalili, ko zazzaɓi, ko zawo na tayar da shi cikin dare, ko ciwon ya fara masa bayan shekara 50, ya je likita kafin ya taɓa tsarin abinci.