Yadda za ka gyara shimfiɗar ɗaki da ta ƙi rufewa a SketchUp

A SketchUp, manhajar zane ta 3D, ka zana kusurwoyi huɗu na ɗaki, amma tsakiya ta ƙi cika, Push/Pull, kayan aikin da ke jan shimfiɗa sama, kuma ya ƙi ɗaga bango. Kada ka share aikin, yawanci matsalar ƙarama ce.

1. Matso da kallo kan kowace kusurwa sosai. Tazarar da ba ta kai milimita 1 ba tana hana shimfiɗa fitowa. In ka ga giɓi, haɗa shi da Line, kayan aikin jan layi, ka jira ɗigon kore ya bayyana kafin ka danna.

2. Idan duk sun haɗu, ja layi daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace. In rabi biyu suka cika, share layin. Suka ɓace tare da shi? To wata kusurwa ta ɗaga sama kaɗan, ba a bisa daidai take da sauran ba. Wannan shi ya fi wahalar da masu koyo, domin daga sama ido ba ya ganinsa. Juya kallon ta gefe, ka sauko da kusurwar da Move, kayan aikin matsar da abu.

3. In fuskar shimfiɗar ta fito shuɗi-shuɗi, bayanta ne ke kallonka. Danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kanta, zaɓi Reverse Faces don juya ta, sannan ka ɗaga bangon.