Kurakuran da aka fi yi wajen ƙirga taku da na'ura, da yadda ake gyara su

Na'urar ƙirga taku iri uku ce a hannun mutane yanzu: 'yar ƙaramar da ake maƙalawa a ƙugu, agogon hannu mai lissafin motsi, da manhajar da ke cikin waya. Dukkansu girgizar jiki suke ji su mayar da ita lamba. Duk sanda dunduniya ta daki ƙasa, jiki yakan ɗan yi sama ya sauko, wannan ɗan motsin shi na'urar ke kamawa ta rubuta taku ɗaya. Kusan duk matsalar da ake samu daga nan take tasowa: ko dai girgizar tafiyar ba ta isa ga na'urar ba, ko kuwa wata girgizar daban ce ta isa gare ta.

Ɗaura ta inda bai dace ba

Tsohuwar samfurin ta ƙugu tana da ɗan ƙarfe a ciki da ke lilo sama da ƙasa. In ka girgiza ta kusa da kunne za ka ji tana ƙas-ƙas. Irin wannan sai tana tsaye cak take aiki daidai. Wurinta kan bel ne ko bakin wando, tsakanin cibiya da gefen ƙugu, saitin gwiwa. Da yawa sukan maƙala ta a wando mai sako-sakon tazuge, sai ta kife gaba, ƙarfen ya daina lilo, a yi tafiya mai nisa ta rubuta rabi. Mai tumbi ma haka, cikin ne ke ture ta. Gyaran shi ne a matsar da ita can gefen ƙugu inda za ta miƙe. Mai ɗaura zane ta maƙala ta a bakin siket ɗin ciki mai roba, domin bakin zane yana kwancewa ya karkata.

Aljihun kaftani ko na babbar riga ba wurinta ba ne. Rigar tana lilo da kanta, wani lokaci ta ƙara lamba, wani lokaci ta cinye. Sababbin samfura masu na'urar jin motsi ta kowace fuska sun fi haƙuri da aljihu, amma su ma aljihun wando na gaba, wanda ya kama cinya, ya fi musu.

Rashin gwada ta tun ranar farko

Wannan aikin minti biyu ne, amma ba kowa ke yi ba. Mayar da lambar sifili, ko ka rubuta inda take. Yi taku 100 a shimfiɗaɗɗen wuri da tafiyarka ta kullum, kana ƙirgawa da baki. In ta nuna tsakanin 95 da 105, na'urar da wurin da ka sa ta duk sun yi. In ta kauce da yawa, canza wurin ka sake. Kada ka gwada da taku biyar ka ce ta lalace. Yawancin na zamani ba sa fara rubutawa sai sun ji taku da dama a jere, sannan su zuba su gaba ɗaya, don kada su ɗauki gyaran zama a matsayin tafiya. Wannan ne ma ya sa zirga-zirgar cikin ɗaki, taku uku nan huɗu can, take ɓacewa a lissafi.

Tafiyar sanyin jiki ita ma tana ruɗa na'ura. In gudun bai kai kilomita 3 a awa ba, kamar tafiyar dattijo ko mai jan silifas a ƙasa, girgizar tana yin rauni, mai ƙarfen lilo ta tsallake da yawa. Wanda tafiyarsa ke nan ya nemi sabon samfuri, ya kuma yi gwajin 100 ɗin da irin tafiyarsa, kada ya ƙara sauri don ya burge na'urar.

Agogon hannu da aikin gida

A nan aka fi yaudarar kai. Agogo motsin hannu yake ji, hannu kuwa yana aiki ko da ƙafa na zaune. Daka a turmi, tuƙin tuwo, wanki, shara, fifita da mafici, yankan kubewa, guga, duk agogo zai iya ƙirga su a matsayin taku. Mace za ta wuni a tsakar gida tsakanin murhu da turmi, da yamma agogo ya nuna mata dubbai, alhali ba ta ƙetare zaure ba. Aikin nan motsa jiki ne, daka ma aiki ne mai ƙarfi, sai dai bai kamata ya shiga lissafin tafiya ba, in tafiyar ake son aunawa. Tela, kafinta da mai aski duk suna cikin wannan.

Akwai kuma kishiyar haka. Mai tura baro ko kurar ruwa, wanda ya dafe kaya a ka, da wadda ta riƙe hannun yaro, hannunsu a tsaye yake, agogo sai ya yi shiru ana ta tafiya.

Gyara uku ne. Ɗaura agogon a hannun da ba ka fi aiki da shi ba, ka kuma shiga saiti ka gaya masa ko hagu ne ko dama, domin da wannan yake rage ƙaryar motsi. Ɗaure shi ya kama fata, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu. Sannan in za a yi daka ko wanki, a cire shi, ko a duba lambar kafin a fara da bayan an gama, a debe bambancin. Mai turin kaya ya jefa shi a aljihun wando har ya gama.

Waya

Waya tana ƙirga abin da aka yi tana jiki ne kawai. In ta kwana uku a wurin mai caji, ko tana kan tebur kana kai da kawo a shago, lissafinka ya tafi. A jakar hannu kuwa lambar ba ta da tabbas, ya danganta da yadda jakar ke lilo.

Abin da ya fi yawa shi ne manhaja ta tsaya ba a sani ba. Daga Android 10 zuwa sama, sai ka ba manhaja izinin lura da motsin jiki kafin ta ƙirga komai. Haka kuma tsarin tattalin batir yana kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye, musamman in caji ya yi ƙasa. Alamarsa ita ce ka ga lambar ta daskare tun hantsi. Shiga saitin batir ka cire manhajar daga jerin waɗanda ake taƙaitawa. Kuma ka tsaya a kan na'ura ɗaya. Agogo da waya ba za su taɓa ba da lamba ɗaya ba, kwatanta su ɓata lokaci ne.

Abin hawa shi ma yana ƙara ƙarya. Acaɓa ko A Daidaita Sahu a kan hanya mai gargada suna jijjiga jiki da irin bugun da ya yi kama da taku. Duba lamba kafin ka hau da bayan ka sauka sau ɗaya ko biyu, za ka san nawa hanyarka ta kullum ke ƙara maka.

Kama 10,000 kamar farilla

Wannan adadi daga talla ya fito. A shekarar 1965, bayan gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, kamfanin Yamasa na Japan ya fitar da na'ura mai suna Manpo-kei, wadda aka tallata da taku dubu goma a rana, lambar ta bi duniya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin yana farawa tun kafin nan. A 2019, I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta sun bi mata fiye da 16,000 da matsakaicin shekarunsu ya kai 72. Masu yin kimanin taku 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mace-mace, amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Wani nazari na 2022 da ya haɗa bincike 15 ya gano cewa ga 'yan shekara 60 zuwa sama amfanin yana daidaitawa tsakanin 6,000 da 8,000, ga waɗanda ba su kai ba kuma tsakanin 8,000 da 10,000.

Illar ɗaukar 10,000 a matsayin dole biyu ce. Wanda ya saba da 3,000 ya zabura ya yi 10,000 a rana ɗaya, gobe gwiwa da ƙwauri su ƙi, ya ajiye na'urar a durowa. Wani kuma ya ga 6,000 ya ɗauka bai yi komai ba, ya karaya, alhali ya ninka abin da yake yi a da.

Hanyar da ta fi ita ce ka fara da sanin inda kake. Yi mako guda cur kana sanye da na'urar daga tashi zuwa kwanciya ba tare da ka canza komai ba, har da ranar hutu, domin ranar aiki da ranar zaman gida ba ɗaya ba ne. Tara lambobin ka raba gida 7. A kan wannan za ka ɗora taku 500 zuwa 1,000 a rana, ka riƙe mako ɗaya ko biyu kafin ka ƙara. Ƙarin ba ya buƙatar filin wasa. In masallaci yana da nisan taku 300 daga gida, zuwa da dawowa sau biyar ya ba ka 3,000. Sauka daga abin hawa kafin a kai ƙofar gida ma yana cike sauran.

Lura da yawan taku, a manta da saurin tafiya

Taku 8,000 na yawon kasuwa, ana tafe ana tsayawa, bai kai 8,000 da ke ɗauke da rabin awa na tafiya mai ƙarfi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. A tafiya, wannan yana kamawa daga kimanin taku 100 a minti. Ƙirga takunka na daƙiƙa 15, in ya kai 25 ka shiga sahu. Wata alamar ita ce numfashi ya ɗan ɗaga amma kana iya magana. Minti 30 a haka taku 3,000 ne.

Nisa da kalori

Na'ura ba ta auna kilomita da kanta, sai in tana amfani da GPS, wato tsarin gano wuri ta tauraron ɗan adam. Tana ninka yawan taku ne da tsawon takun da aka sa mata, in ba a sa ba ta yi amfani da na kowa da kowa. Auna naka: yi taku 20, a ja tef daga inda ka fara zuwa inda ka tsaya, a raba gida 20. In mita 14 ne, takunka santimita 70 ke nan, kilomita ɗaya kuma kusan taku 1,430. In babu tef, ninka tsayinka da 0.415 ga namiji ko 0.413 ga mace. A lura, wasu na'urori tsawon taku biyu suke tambaya, daga dama zuwa dama. In aka saka tsawon taku ɗaya a gurbin na taku biyu, nisan zai fito rabi.

Lambar kalori kuwa, wato ma'aunin kuzarin da jiki ke ƙonawa, ƙiyasi ce, kuma tana ƙara kaucewa in ba a shigar da nauyin jiki daidai ba. Mai kilo 70 yakan ƙona kalori 300 zuwa 400 a taku 10,000, kwalbar lemo mai zaƙi ta rabin lita kuwa tana ɗauke da kusan 200. Mai son rage ƙiba da ke saka wa kansa da lemo bayan tafiya ya mayar da rabin abin da ya ƙona.

Sai a duba agogon cikin na'urar. Yawancinsu ƙarfe 12 na dare suke komawa sifili, in lokacin ba daidai yake ba sai ta goge lissafi da tsakar rana. Ta ƙugu in rubutunta ya fara dishi-dishi, batir ne, galibi irin zagayayyen nan CR2032, kuma bayan an canza shi akan sake saita lokaci da tsawon taku.

Bin lamba a manta da jiki

A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, kada a fita cike lamba da tsakar rana. Bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya ya fi, a azumi kuma bayan an sha ruwa. Silifas ba takalmin doguwar tafiya ba ne, a nemi kambas mai taushin ƙasa da safa. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum bayan tafiya, domin ƙafar na iya yin rauni bai ji ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya shawarci likitansa kafin ya ƙara sauri. In aka ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi yana sarƙewa, a tsaya nan take a nemi asibiti, ko nawa na'urar ta nuna.