Kurakuran da muke yi idan muna ba da labarin kanmu a Ikko

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba bayan isha'i ya san mutum biyu. Akwai wanda da ya buɗe baki sai kowa ya ajiye waya, akwai kuma wanda da ya ce "bari in ba ku labari" sai a fara tuna an bar shago a buɗe. Sau da yawa na biyun ya fi na farkon ganin duniya, shirya zancen ne bai iya ba. Abin da ya fi damuna ma ba gundurar 'yan majalisa ba ce. Labarin da mutum yake maimaitawa a kan kansa, shi ne mai sauraronsa na farko, kuma a hankali yakan koma abin da yake faɗi.

Kuskure mafi sauƙin gyara shi ne doguwar shimfiɗa. Za a ba ka labarin yadda kwandunan tumatir suka lalace a kasuwar Mile 12, amma sai an faro daga ranar da aka hau tirela a Kano. Kakanninmu ba sa haka. "Ga ta nan ga ta nanku", "ta zo mu ji ta", sai ga Gizo cikin yunwa yana ƙulla dabara. Ka fara daga inda matsala ta shigo, wanda yake son sauran zai tambaya.

Sai kalmomin da ba su da fuska: "na sha wahala", "rayuwa ba sauƙi". Kowa ya faɗi wannan, don haka ba wanda yake ji. Ka ce wata uku kana kwana a kan benci a cikin shago, kana tashi kafin asuba kada mai shagon ya tarar da kai. Masu rubutu su riƙe wannan da kyau, domin benci ɗaya ya fi shafi guda na "wahala".

Babban ciwon namu na 'yan ci-rani shi ne labarin da ba a faɗuwa a cikinsa. A tsaya jikin motar wani a Lekki a ɗauki hoto, a tura gida. A waya kullum "Alhamdulillahi, kasuwa na tafiya", alhali ranar garin kwaki aka jiƙa. Godiya ga Allah wajibi ce, kuma ba kowa ake buɗe wa ciki ba, na yarda. Amma akwai bambanci tsakanin rufin asiri da gina gidan ƙarya ka shiga ka kulle kanka. Wanda ya shekara uku yana nuna wa gida shi Alhaji ne, ranar da ya shiga matsi ba shi da bakin neman taimako. Sallah ta zo ya kasa zuwa, ba don kuɗin mota ba, don tsarabar da labarinsa ya yi alkawari. Ga ƙannensa kuma sun baro makaranta sun biyo shi, suna neman Ikkon da ke cikin hoto. Gyaran ba tallan talauci ba ne. Ka zaɓi mutum ɗaya, yayanka ko amininka, wanda zai san labarin yadda yake. Ka tuna Suratu Yusuf, wadda Alƙur'ani ya kira mafi kyawun labari, akwai rijiya a cikinta, akwai sayarwa da 'yan dirhami kaɗan, akwai kurkuku, kafin a kai ga taskokin Masar.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato mai tsayar da labarinsa a cikin rijiyar. A ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, kuma mutanenmu da yawa abin ya taɓa. Har yau akwai wanda duk hirarsa a nan take ƙarewa: "Tun da aka karɓe mashin ɗina na ƙare." Asarar gaskiya ce, ba mai musu. Sai dai an yi shekaru tun lokacin, yana raye, yana ciyar da iyali da wata sana'ar, amma bai taɓa sa wannan a labarin ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Dan McAdams, ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke ba da tarihin rayuwarsu. Ya lura masu kai labari daga tsanani zuwa wani alheri da ya biyo baya sun fi samun natsuwa a kan waɗanda kullum labarinsu daga daɗi yake gangarawa zuwa lalacewa. Maganin tambaya ce ta yara: "Sai me ya faru?" Ka yi wa kanka ita har labarin ya iso yau.

Ka kula da sunan da kake ba kanka a ciki. "Ni ba ni da sa'a" hukunci ne, "bashi ya danne ni bara" kuwa labari ne, yana da farko, yana iya samun ƙarshe. A kan wannan Michael White na Ostireliya da David Epston na New Zealand suka gina hanyarsu ta warkar da damuwa a shekarun 1980: a raba mutum da matsalarsa, a dube ta kamar baƙon da ya sauka a gidansa.

Wasu kuma ba sa faɗa ko kaɗan, suna ganin haƙuri shi ne shiru. A wani bincike da aka wallafa a 1986, masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya sa ɗalibai a Amurka su riƙa rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 a rana, kwana 4 a jere. A lokacin rubutun ransu ya ƙara ɓaci, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta bai kai na waɗanda ba su yi irin wannan rubutun ba. Ba sai ka iya boko ba. Ka rubuta da ajami, ko ka ɗauki muryarka a waya ka goge daga baya. Kuskuren da ake yi a nan shi ne jera abin da ya faru kamar rahoton 'yan sanda, a tsallake yadda aka ji. Idan kuwa tunanin ya hana ka barci da abinci, ko ka fara jin rayuwa ta ishe ka, wannan ya wuce takarda. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, kuma zuwa can ba hauka ba ne, duk da tsokanar da 'yan Legas ke yi da sunan.

Saura ƙara wa labari gishiri. Ɗan kaɗan yana gyara miya, amma ƙwaƙwalwa ba faifai ba ce. Tun 1932 wani masanin, Frederic Bartlett, ya nuna a Ingila cewa duk lokacin da mutum ya sake ba da labari, yakan rage wani abu, ya gyara wani ya dace da abin da ya saba. Shi ya sa ɓarayin da suka tare ka a Oshodi su biyu ne a shekarar farko, yanzu sun kai bakwai, kuma kai kanka ka yarda. A majalisa wannan abin dariya ne. Idan labarin saɓani ne da abokin kasuwanci ko matarka, kowace maimaitawa tana ƙara masa baƙi tana ƙara maka fari, har sulhu ya gagara. Kafin ka sake ba da shi, gwada faɗarsa sau ɗaya kamar shi ne yake zaune a kan bencin, kai kuma ba ka nan.