Yadda ake fassara sunayen mahaɗan tiyon kashe gobara daga Faransanci zuwa Ingilishi

Kalmar tiyo, wadda mai wankin mota da mai lambu ke faɗa kullum, daga Faransanci ta shigo mana, daga tuyau. To, ba tiyon ne ke wahalar da mai fassara ba. Ƙarfen nan na bakinsa, wanda ake haɗa shi da wani tiyon ko da famfon kan titi ko da motar kwana-kwana, a nan gizo ke saƙa. Faransawa na ce masa raccord, masu Ingilishi su ce coupling, mu mu ce mahaɗi. A ce wani ya turo maka jerin kaya da Faransanci daga Maraɗi ko Yamai, yana son ka mayar da shi Ingilishi don ɗan kasuwa a Kano ko Legas ya nemo masa. Kalma ɗaya in ta karkace, sai a kawo mahaɗin da ba zai shiga ba.

Abin ba wasa ba ne. A watan Fabrairun 1904 gobara ta tashi a birnin Baltimo na Amurka, 'yan kwana-kwana suka kawo ɗauki daga Washinton da Filadelfiya, amma mahaɗan tiyonsu suka ƙi shiga famfunan garin. Gine-gine sama da 1,500 suka ƙone. Waɗancan kuwa duk harshensu ɗaya.

Mataki na farko: tambayi wa zai karanta. Ingilishin kwana-kwana iri biyu ne, na Ingila da na Amurka, kuma sun sha bamban. Bakin feshin ruwa da Faransawa ke kira lance, a Ingila branch ne, a Amurka nozzle. Ƙarfen da ke raba ruwan tiyo ɗaya gida biyu, wato division, a Ingila dividing breeching ne, a Amurka wye. Bututun da ke tsaye cikin dogon bene ba ruwa a cikinsa, colonne sèche, Ingila ta ce dry riser, Amurka ta ce dry standpipe. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshen takarda. In Najeriya takardar za ta je, na Ingila ya fi dacewa.

Mataki na biyu: nemi hoton abin kafin ka taɓa ƙamus. Gani ya kori ji. Duba ko mahaɗin namiji da mace ne, wato baki ɗaya na shiga cikin ɗayan, ko kuwa bakunan biyu iri ɗaya ne, ko na murɗawa ne kamar noti.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin: kada ka fassara sunan nau'in mahaɗi. A Faransa abin da ya fi yawa shi ne raccord symétrique, wanda ba namiji ba mace, kowane baki na kama ɗan'uwansa, a juya zobe ya kulle. Tushensa shi ne mahaɗin da ake kira Guillemin, mai lambar ƙa'ida NF E 29-572. Akwai kuma DSP, wato Dubois Spécial Paris, da AR na manyan tiyo, sai GFR, gros filet rond, shi kam na murɗawa ne, namiji da mace. Waɗannan sunaye a bar su yadda suke, a bi su da kalmar coupling, a kwafo lambar ƙa'idar ba tare da an taɓa ta ba.

Jarabar da ke kama mai fassara a nan ita ce son ya ba mai karatu sunan da ya sani. Sai ya ga symétrique, ya tuna Storz na Jamus shi ma bakunansa iri ɗaya ne, ya rubuta Storz. Kama da wane ba ta wane. Storz ba ya shiga Guillemin ko da faɗinsu ɗaya. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne raccord rapide. Ma'anarsa kawai mahaɗin da ake haɗawa da sauri, kuma ƙamus zai iya kai ka ga instantaneous. Amma a Ingila instantaneous coupling sunan wani takamaiman mahaɗi ne, mai lambar BS 336, namiji da mace, wanda ake turawa ya kama. Ka rubuta haka, mai sayar da kaya zai kawo shi, kuma ba ka da bakin zarginsa. Rubuta quick-connect coupling, ka bi shi da sunan nau'in.

Mataki na huɗu: kula da kalmomin da ke kama da na Ingilishi amma ba su ba ne. Joint a Faransanci robar nan ce da ke hana yoyo, wato gasket ko washer. Bouchon murfin toshe baki ne, blank cap. Clé tricoise sufanar ɗaure mahaɗi ce, coupling spanner. Aspiration ɓangaren zuƙo ruwa ne, suction, refoulement kuma na tura shi, delivery. Sai demi-raccord, wanda na ga yana rikita lissafi fiye da yadda yake rikita ma'ana. Baki ɗaya ne kawai, rabin mahaɗi, kuma kowane tiyo na buƙatar biyu. In jerin ya ce demi-raccord 20, rubuta coupling half 20, don kada a ɗauka saiti 20 ake nufi a ninka kuɗin.

Mataki na biyar: lambobi. Faɗin tiyo daban, lambar girman mahaɗinsa, wadda ake rubutawa da DN, daban. Tiyo mai milimita 45 mahaɗinsa DN 40 ne, mai 70 nasa DN 65, mai 110 kuma DN 100. In ka ga 70 a layi ɗaya da 65, ba kuskuren buga takarda ba ne, kada ka ce za ka gyara. Kada kuma ka mayar da DN 65 inci biyu da rabi ka goge asalin, domin da zarar mai karatu ya ga inci, hankalinsa zai tafi ga mahaɗin Ingila ko na Amurka. Waƙafin Faransawa a cikin lamba ɗigo ne a Ingilishi, 2,5 ta zama 2.5. Ƙarfin ruwa a bar shi a ma'aunin da ake kira bar. In an nemi ɗaya ma'aunin, wato psi, bar ɗaya ya kai kusan psi 14.5.

Daga nan sai ka kai wa ɗan kwana-kwana ko mai sayar da kayan fassarar, ka ɓoye masa Faransancin, ka ce ya faɗa maka abin da zai ɗauko daga kanta in an ba shi wannan takarda. Ka riƙe hoton nan na mataki na biyu a hannunka kana dubawa layi-layi.