Kafin ka ɗaga kyamara

'Yan uwa masu ɗaukar hoton rayuwar jama'a, ga shawarar da nake ganin ta fi tsadar kyamara amfani. In ka je inda tafki ya ƙafe, ko inda shara ta taru kusa da gidaje, kada ka fara ɗauka ranar farko. Zauna, a gaisa, ka saurari yadda abin ya shafe su. Wanda ya saba da kai ba ya daskarewa gaban kyamara, kuma shi zai nuna maka abin da idonka ya tsallake.

Ka haɗa mutum da muhallinsa a hoto ɗaya. Fuskar masunci kaɗai ba ta ba da labari. A ga kwalekwalensa kwance kan busasshiyar laka, a ga nisan da ruwa ya ja. Gilashin kyamara mai faɗin gani, 28mm ko 35mm, ya fi dacewa, don dole ka matso kusa.

Don Allah kada ka sa wani ya maimaita abu saboda hoto, daga nan ya zama wasan kwaikwayo. Nemi izini, musamman wurin iyayen yara, ka rubuta rana da wuri tun ba ka manta ba.