Yadda Ake Gane Lafiyar Ruwan Tafki Da Ƙyallen Tatar Koko

Masu kiwon tarwaɗa a kewayen madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, yawancinsu launin ruwa kawai suke dubawa. Launi kuwa yakan yaudari mutum. Shaidar da ta fi ƙarfi tana wurin ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwan, waɗanda da ƙyar ido ke kama su, su ne kuma abincin farko na 'ya'yan kifi.

Tanadi bokiti, ƙyallen tatar koko mai matsattsen saƙa, kwalba mai haske da tocila.

Fita da asuba ko bayan magariba, domin da rana ƙananan halittun sukan nutse ƙasa. Ɗebi bokiti goma daga wurare daban-daban, ba bakin gaɓa kaɗai ba, ka tace a hankali. Abin da ya maƙale a ƙyallen ka ɗauraye shi cikin kwalba da ruwan tafkin. Ban da ruwan famfo, kulorin zai kashe su.

Shiga ɗaki mai duhu, ka haska kwalbar ta gefe. Masu ɗan tsalle kamar ƙuma su ne Moina da danginta, ƙananan tarwaɗa na son su ƙwarai. Masu zabura su tsaya cak, wasu ɗauke da jakar ƙwai biyu a baya, su ne Cyclops. Da su kurkunu ke shiga jikin mutum a da, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da cutar. Akwai kuma mitsi-mitsi da ke juyawa a hankali.

In ka ga iri-iri a haɗe, ruwan na da rai. In mitsi-mitsin ne suka mamaye, ruwan kuma kore shar, taki ko ragowar abinci ya yi yawa. Nutsa hannu: in tafin ya ɓace wa gani tun ruwan bai kai rabin tazarar da ke zuwa gwiwar hannu ba, dakatar da taki, ka sauya wani ɓangare na ruwan, musamman in kifi na tasowa suna haki da asuba. Kwalba fayau kuwa ba abin murna ba ce. Ko dai kifi sun cinye su, ko maganin feshi ya gangaro daga gonar rani. Bi magudanar ka duba, ka sake gwajin bayan mako guda.

Wannan gwajin na kifi ne. Ruwan sha sai an tafasa.